Ni da karnukana a daji, ƙarshen Agusta

Yau da sassafe ban ma gama ɗaura igiyar takalmi ba ƙaramin ya riga ya tsaya bakin ƙofa yana ta dukan bango da wutsiya, ita kuwa tsohuwar tana kwance ido ɗaya a buɗe, tana jira ta ga ko da gaske nake kafin ta wahalar da gwiwoyinta. Shekararta 11, shi ko biyu bai cika ba. Kwanukan jiya na nan ban wanke ba, kayan da na zuba a injin wanki tun dare ban shanya ba, amma haka na bar su na fita, don a irin wannan lokacin in ka bari rana ta ɗaga to ka makara.

Mutane na ganin tunda an fara jin ɗan sanyi-sanyi da safe ai zafi ya wuce. Bai wuce ba fa. Kare ba ya zufa kamar mu, 'yar wadda yake yi a tafin ƙafa ce kawai, sauran duk da haki yake sanyaya jikinsa, kuma dama can jikinsa ya fi namu ɗumi, wajen digiri 38 zuwa 39, in ya haura 41 kuwa magana ta zama ta rai da mutuwa. Bara war haka na fita da su da hantsi ya yi nisa, muna kan dawowa sai ta zube ƙarƙashin wata bishiya, harshe a waje, dasashinta ya yi jawur, ta ƙi tashi. Ruwan da ke hannuna duk na juye mata a ciki da ƙafafu, na ɗauke ta a kafaɗa har mota, hannuna na rawa na kira likitan dabbobi. Ta warke alhamdulillahi, amma wallahi har yau in na wuce ta wajen bishiyar nan sai gabana ya faɗi.

Toh yanzu kafin ƙarfe bakwai mun shige daji. Dajin ƙarshen zafi daban yake, ganyen na nan kore amma kamar ya gaji, ciyawar bakin hanya ta bushe ta yi ruwan ƙasa, tsuntsaye sun rage surutun da suke yi watannin baya, saƙar gizo-gizo kuwa ko ina, raɓa ta kwanta a kai sai ƙyalli take, wadda ba ka gani ba kuma sai ka ji ta a fuska. Hasken ma ya sauya. Tun wajen 21 ga Yuni yini ke raguwa a hankali ba ka lura, sai yanzu ne za ka ga yamma na saurin yi.

Da can ni mai ƙirga taku ne a waya, in ta tsaya shinshinar wani kututture sai in ja igiya in ce mu je mana. Na daina. Ana ƙiyasta hancin kare na iya ɗauke da ƙwayoyin jin wari har miliyan 300, namu kuwa wajen miliyan 6 ne, wato wannan ruɓaɓɓen itacen da ni ban ga komai a jikinsa ba, ita labari take karantawa, wa ya bi ta nan da daddare, zomo ne ko kurege ko wani karen, yaushe ya wuce, ina ya nufa. Yau sai da ta yi kusan minti biyar a gindin itace guda, ina tsaye riƙe da igiya, ƙaramin ya je ya dawo ya je ya dawo, ita ko a jikinta. Ƙafafunta sun yi rauni, kunnenta ya fara nauyi, hancin nan ne kawai bai tsufa ba, to ina dalilin da zan katse mata abin da ya rage mata? Kuma na lura ranar da na bar ta ta shinshina son ranta ta fi samun barci mai daɗi, ko da tafiyar ba ta kai rabin wadda muka saba ba.

Wuri ɗaya ne ba na sassautawa, wani ɗan tafki da ruwansa ba ya gudu. Ƙarshen zafi ne irin wannan ruwan ke yin gansakuka mai kama da an zuba koren fenti, wata irinta na da dafin da ke kashe kare cikin awanni, kuma da ido ba ka bambance mai dafin da marar dafin. Ƙaramin ya yi ta kuka yana jan igiya, na ce a'a, na zuba masa na kwalba a ɗan kwanonsa.

Da mun dawo gida kuma sai bincike, a bakin ƙofa nake zama da tawul. Cikin kunne, wuya, hammata, tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yan busasshiyar ciyawa masu tsini na shiga fata su yi ta nutsawa har wurin ya kumbura, sannan ga kaska. Yau na samu guda bayan kunnen ƙaramin, ba ta kai ga cika da jini ba. Na sa hantsaki na kamo ta daf da fata na ja a hankali ba tare da na matse cikinta ba, ba a shafa mata mai ba a ƙona ta, kuma gara a cire da wuri don cutar Lyme, wadda kaska ke yaɗawa, yawanci sai kaskar ta yi fiye da awa 24 a maƙale take shiga jiki. Na duba nawa ƙafafun su ma.

Sai wajen tara na samu na shanya kayan nan, sun ɗan fara warin damshi sai da na sake ɗauraye rabi. Ina wanke kwanuka ina leƙenta ta taga, ta miƙe a inuwar bakin ƙofa tana barci, ƙafafunta na motsi kaɗan-kaɗan, hancin ma bai daina aiki ba.