Abin da lissafin makin bizar Ostareliya ya koya mini game da aikina

Duk wanda ya fara bincike a kan bizar ƙwararru ta Ostareliya, lambar farko da zai ci karo da ita ita ce 65. Wannan ne mafi ƙarancin makin da ake nema tun watan Yulin 2018, lokacin da aka ɗaga shi daga 60. Da yawa daga cikinmu da jin haka sai mu ɗauki biro da takarda: shekarun haihuwa maki kaza, digiri kaza, shekarun aiki kaza, Turanci kaza. Da an ga lissafi ya kai, sai a fara tambayar kuɗin jirgi. Ni injiniyan hanyoyi da magudanan ruwa ne, na bi wannan turba tun daga tantance ƙwarewa har zuwa shiga layin jiran gayyata, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne makin da ka ba kanka a ɗaki ba ya zama naka sai wata hukuma da ba ta taɓa ganin fuskarka ba ta gamsu da takardunka.

Jadawalin kansa ba shi da wuyar fahimta. Wanda yake tsakanin shekara 25 da 32 yana samun maki 30, daga 33 zuwa 39 ya koma 25, daga 40 zuwa 44 kuma 15. Wanda ya cika 45 ƙofar ta rufe masa. Digirin farko maki 15 ne, na dakta 20, difloma ko takardar sana'ar hannu da aka amince da ita 10. Aikin da mutum ya yi a wajen Ostareliya cikin shekaru goman baya, in ya kai shekara uku maki 5 ne, shekara biyar 10, shekara takwas 15. Turanci kuma, a jarrabawar IELTS, samun 6 a kowane ɓangare huɗu yana ba ka damar shiga kawai ba tare da maki ko ɗaya ba, 7 a kowanne maki 10, 8 a kowanne maki 20.

Kafin duk wannan ya yi aiki, dole ka zaɓi sana'a ɗaya daga kundin sana'o'insu da ake kira ANZSCO, inda kowace sana'a take da lamba mai alƙaluma shida da bayanin ayyukanta. Kowace sana'a kuma da hukumar da ke tantance ta. Injiniyoyi suna zuwa wurin Engineers Australia, masu aikin kwamfuta wurin ACS, ma'aikatan jinya da ungozoma wurin ANMAC, malaman makaranta wurin AITSL, masu sana'ar hannu irin su walda da gyaran lantarki wurin TRA, sauran sana'o'i masu yawa kuma wurin VETASSESS. Sunan muƙaminka a ofis bai dame su ba. Abin da suke dubawa shi ne ayyukan da kake yi kullum, ko sun dace da bayanin lambar da ka zaɓa. Akwai wanda ake kira manajan aiki a kamfaninsu amma abin da yake yi sayen kaya ne da biyan leburori, akwai kuma wanda takardarsa ta ce mataimaki alhali shi yake zana komai.

Majalisar kula da aikin injiniya ta Najeriya, COREN, ta samu matsayin mamba ta wucin gadi a Washington Accord, yarjejeniyar da ƙasashe ke amincewa da digirin injiniya na juna, a 2023, abin farin ciki ga masu tasowa. Amma mu da muka gama karatu tun kafin nan, hanyarmu ita ce rahoton nuna ƙwarewa da ake kira CDR. Labarai uku ne na ayyukan da ka yi, kowanne tsakanin kalma 1,000 zuwa 2,500, a haɗa da jerin kwasakwasan ƙarin ilimi, da taƙaitaccen bayani da ke nuna a wane sakin layi ka tabbatar da wace ƙwarewa.

A nan na daɗe. Sharaɗin rubutun shi ne ka faɗi abin da kai da kanka ka yi. Mu kuwa an raine mu da kunyar yabon kai. In an tambaye ka wa ya yi aiki, sai ka ce mun yi, da taimakon Allah da na manya. Tarbiyya ce mai kyau kuma ba zan so 'ya'yana su rasa ta ba, amma mai tantancewa ba zai iya ba ka ƙwarewar da ka raba wa mutum goma ba. Ɗaya daga cikin labaraina a kan wata kwalbati ne da muka gina a hanyar wani ƙauye, inda ruwa yake cinye hanyar duk damina. Sai da na zauna na tambayi kaina, a cikin wannan aiki mene ne nawa? Ni na auna faɗin yankin da ruwansa ke taruwa a wurin. Ni na je na tambayi dattawan ƙauyen inda ruwa yake kaiwa a shekarar ambaliya, wani tsoho ya nuna mini tabo a jikin wata kuka, na auna tsayinsa na sa a lissafi. Ni na ce bututun da ke cikin zanen farko ba zai ɗauki ruwan ba, na ba da shawarar a koma kwalbati mai kusurwa huɗu mai baki biyu, na lissafa rodin da za a sa da kaurin kankare. Ni kuma na tsayar da zuba kankare ranar da na ga yashin da aka kawo cike da laka. Duk wannan na yi shi, amma ban taɓa jera shi haka ba sai da aka tilasta mini. Rubutun ya nuna mini inda nake da ƙarfi, ya kuma nuna mini cewa a wasu ayyukan da nake alfahari da su, sa ido kawai na yi ban yanke shawarar komai ba. Irin waɗannan ba su isa a gina labari a kansu ba.

Akwai masu tallar cewa za su rubuta maka rahoton a kan kuɗi. Engineers Australia tana binciken satar rubutu da manhaja, kuma wanda aka kama ana iya hana shi sake nema na shekara ɗaya ko fiye. Ko babu wannan ma, ban ga yadda wanda bai taɓa tsayawa a bakin ramin ba zai san zancen tabon jikin kuka.

Wahalar da ta fi ta rubutu ita ce shaidar aiki. Na je wurin wani tsohon maigidana neman takarda, mutumin kirki wanda ya koya mini aiki da hannunsa. Ya sa aka buga mini layi huɗu, cewa ni mutum ne mai gaskiya da riƙon amana da ƙwazo. Na ce, "Ranka ya daɗe, na gode ƙwarai, amma mutanen nan ranar da na fara da ranar da na bari suke so, da awa nawa nake yi a mako, da albashi, da manyan ayyukan da nake yi ɗaya bayan ɗaya." Ya dube ni ya ce, "Injiniya, yanzu shaidar da na ba ka ba ta isa ba?" A wurinsa babu abin da ya fi shaidar hali daraja, kuma gaskiyarsa. Sai da na zauna na yi masa bayani cewa wanda zai karanta bai san shi ba, bai san ni ba, abin da zai iya bincikawa kawai yake nema. Ya sake rubutawa a kan takardar kamfani mai ɗauke da adireshi da lambar waya, ya sa hannu.

Wannan ma rabin aiki ne. Ana son shaida daga wani ɓangare na uku da zai gaskata cewa an biya ka: bayanan banki da ke nuna shigar albashi wata bayan wata, takardar haraji, bayanin asusun fansho. Aikin da ake ƙirgawa shi ne na albashi, aƙalla awa 20 a mako. A nan yanayin aikinmu yake cutar da mu. Ƙananan 'yan kwangila da yawa a hannu suke biya, ko a tura maka daga asusun oga na kansa, wani watan a haɗa maka biyu. Babu takardar albashi, ba a cire haraji, ba a zuba fansho duk da cewa dokar fansho ta zamani tana nan tun 2004. Ina da abokin aiki da ya shafe shekaru yana gina gadoji, ya fi ni iya aiki nesa ba kusa ba, amma shekarunsa na farko duka ba su da wata alama a takarda. A lissafinsu kamar bai yi su ba. Wannan abu yana ci mini rai har yanzu, don ba laifinsa ba ne, kuma ba ƙasar waje kawai yake shafa ba. Wanda ba a zuba wa fansho ba, ko bai taɓa tunanin fita ba, an ci haƙƙinsa.

Ko shekarun da suke da shaida ma ba lallai a ƙirga su duka ba. ACS takan cire shekara biyu daga aikin wanda digirinsa ya dace da sana'arsa, ta cire fiye da haka in karatun bai dace ba, a matsayin lokacin da mutum ya ɗauka kafin ya zama ƙwararre. VETASSESS ma takan cire aƙalla shekara ɗaya. Saboda haka mai shekara shida a aikin kwamfuta yana iya tashi da huɗu, makinsa ya sauko daga 10 zuwa 5. Wanda ya yi lissafi da shekarun da aka cire ya shigar da su, aka gayyace shi a kan makin da ba zai iya karewa ba, za a ƙi ba shi bizar kuma kuɗin nema ya tafi.

Sai batun suna da ranar haihuwa. Muhammad a takardar WAEC, Mohammed a digiri, Muhammed a fasfo. Wani ya ɗauki sunan garinsu a sakandare ya koma sunan mahaifi a jami'a. Wani takardar rantsuwar shekaru ta saɓa da ta NIN. Mu a wurinmu mutum ɗaya ne kuma kowa ya sani, amma gara a daidaita tun da wuri da takardar rantsuwa ta kotu a kuma bayyana duk sunayen da aka taɓa amfani da su. Takardar bogi kuwa kada a kusance ta. Dokarsu tana hana wanda ya gabatar da ita biza na shekara uku, in kuma shakkar a kan ko shi wane ne take, shekara goma.

Bayan an samu sakamakon tantancewa da na Turanci ne ake shigar da bayanin sha'awa a tsarin SkillSelect, wanda aka fara amfani da shi a 2012. Ba neman biza ba ne, shiga layi ne, kuma yana zama shekara biyu. Ana gayyatar masu maki mafi yawa a kowace sana'a, in maki ya zo ɗaya a duba wanda ya riga kaiwa wannan makin. Maki 65 kamar tikitin shiga tasha ne, bai ba ka kujera a mota ba. A sana'o'in da mutane suka yi wa yawa, irin su akanta da kwamfuta da injiniya, waɗanda ake kira sukan wuce 65 da tazara mai yawa. In gayyata ta zo, kwana 60 gare ka ka shigar da komai, kuma duk makin da ka yi iƙirari dole ya kasance kana da shi tun ranar gayyatar.

Da na fahimci haka sai na raba makin gida biyu, wanda ke hannuna da wanda ba ya hannuna. Shekarun haihuwa tafiya suke yi, ranar da ka cika 33 maki biyar sun zube ko kana barci. Takardar tantancewa galibi shekara uku take aiki, sakamakon Turanci ma haka, don haka jinkiri yana iya sa ɗaya ta mutu kana jiran ɗaya. Turanci ne wurin da ƙoƙari yake biya nan take: tsakanin 7 da 8 akwai maki goma, daidai da abin da shekara biyar ta aiki take bayarwa. Mu da muka yi karatu da Turanci tun firamare mukan raina jarrabawar, alhali ɓangaren rubutu yana kayar da mutanen da suke rubuta rahoto kullum a ofis, domin tsari da lokaci ake aunawa.

Iyali ma suna cikin lissafi tun sauyin da aka yi a watan Nuwamban 2019. Marar aure yana samun maki 10. Mai aure yana samun 5 in matarsa ta ci Turanci a matakin 6, ko 10 in ita ma an tantance sana'arta kuma ba ta kai 45 ba. Uwargidana ta zauna ta yi karatun jarrabawar da daddare bayan yara sun kwanta, makinta biyar suna cikin nawa. Akwai kuma abin da ya kamata a faɗa wa mutanenmu ƙarara tun kafin su kashe ko sisi: dokar shige da ficen Ostareliya mata ɗaya ta sani, kuma sharaɗinta shi ne zaman aure tsakanin mutum biyu ba na uku. Mai mata biyu ya nemi shawarar wakili mai rajista da OMARA, hukumarsu mai kula da wakilan shige da fice, ya kuma zauna da iyalinsa kafin ya ɗaga ƙafa.

Biza uku ake nema da wannan maki. Mai lamba 189 ta zaman dindindin ce ba tare da kowa ya tsaya maka ba, kuma ita ta fi wuyar samu. Mai lamba 190 jiha ce take zaɓenka ta ƙara maka maki 5. Mai lamba 491 tana ƙara maki 15, amma ta wucin gadi ce ta shekara biyar, da sharaɗin ka zauna ka yi aiki a wajen Sidni da Melbon da Birisben, bayan shekara uku ka nemi ta dindindin mai lamba 191. Kowace jiha da jerin sana'o'inta da sharuɗɗanta, kuma sukan sauya da shigowar sabuwar shekarar kuɗi a ranar 1 ga Yuli, don haka shafin ma'aikatar harkokin cikin gidansu da na jihohin nake dubawa, ba saƙonnin da ake turawa a WhatsApp ba. Ni da uwargida mun tattauna mun sa 491 a cikin zaɓinmu. Aikin hanya da magudana dama a bayan gari yake, kuma can na saba yinsa.