Ƙyallin da ke kashe darajar tsohon sule

A cikin wani gwangwani da kakarmu ta bari na tarar da sulallan azurfa bakwai na zamanin Sarki Joji na Biyar, da anini biyu, da liyari guda mai hoton Sarauniya Mariya Tereza. Da na ga sun yi baƙi, sai na yi musu abin da muka saba yi wa awarwaro: na kwaɓa toka da lemun tsami, na goge uku daga cikin sulallan har suka yi fes. Sai da na kai su wurin wani dattijo mai tara tsofaffin kuɗi na gane cewa waɗanda na fi alfahari da su su ne na lalata da hannuna.

Fitila ɗaya ya kunna, ya riƙe sulen ta gefensa, yana karkata shi a hankali. A lokacin da ake buga tsaba, ƙarfin hatimi yana sa ƙarfen ya malala daga tsakiya zuwa baki, ya bar wasu siraran layuka da ido ba ya iya rarrabewa, kuma su ne ke sa haske ya riƙa zagaya fuskar kuɗin kamar wayoyin ƙafar keke idan an juya ta. Guga tana share waɗannan layuka, kuma babu abin da zai dawo da su. Nawa sulallan suna walƙiya kamar sabuwar tasa, amma hasken ba ya zagayawa, yana tsaye wuri ɗaya. Da ya miƙo mini gilashin ƙara girma, sai na ga ƙarce birjik, duk sun nufi gefe guda, sun haye kan kambin sarkin da kan haruffa. Akwai layukan da kan fito tun daga masana'anta idan an goge hatimin kansa, sai dai su tasowa suke yi, kuma sukan tsaya a gindin harafi su ci gaba a ɗaya gefen, alhali na guga nutsewa suke yi, ba sa tsallake komai. Abin da ya fi tona mini asiri shi ne baƙin da ya maƙale tsakanin ganyayen itacen kwakwar da ke bayan sulen, inda tsumma bai kai ba, ga kuma fili fari fat a kewaye.

Sulen da aka daɗe ana tsoma shi cikin ruwan sinadari ba ya nuna ƙarce, amma fuskarsa takan dusashe ta koma ruwan toka. Wasu kuma sukan turara shi da farar wuta domin ya yi kama da wanda ya tsufa da kansa, sai launin ya fito dabbare-dabbare.

Liyarin ya fi ɗaukar hankalin dattijon. Shekarar 1780 da ke jikinsa ba ta nuna tsufansa, domin an ci gaba da buga shi da wannan shekara a Biyana, babban birnin Ostiriya, har ma a Landan da Bombai, kuma nauyinsa kusan giram 28 ne. Tunda mata sun daɗe suna rataya shi a wuya, wurin da ake fara dubawa shi ne saman kan sarauniyar, inda maƙerin farfaru kan cike huda ko ya cire kunnen da aka liƙa. A wurin launi yakan ɗan bambanta, kuma rubutun da ke zagaye da kaurin gefensa yakan yanke. Namu ya sami wannan gyara. Hudar anini kuwa ba aibi ba ce, da ita aka buga shi.

A kasuwar duniya ba a ɗaukar wannan da wasa. Kamfanonin tantancewa na Amurka, PCGS da NGC, suna auna lafiyar tsaba daga maki 1 zuwa 70, amma wadda aka goge ko aka cike ba sa ba ta maki ko ɗaya, sai dai su tabbatar da cewa ta gaskiya ce su rubuta aibinta a jikin mazubin robar da suke rufe ta a ciki, daga nan farashinta ya faɗi. Sulalla huɗun da suka tsira suna nan da baƙinsu, kowanne a cikin 'yar ambulan ɗinsa, kuma yanzu ta gefe kawai nake riƙe su.