Yadda na canza sarƙar roba ta ƙaramar eskabetata, sau biyu a wata ɗaya

Ƙaramar eskabeta ce ƙirar Japan, tan uku, ta hannu na saya. Aikinta haƙar tushen gini da ramin sokawe da lambatu a lungunan Kano inda babbar katafila ba ta iya kutsawa. Tun ranar da aka sauke ta nake ganin tsage-tsage a jikin sarƙarta ta roba, wadda take tafiya a kanta maimakon taya, kamar kaushin ƙafa da hunturu. Na ce ai tayar mota ma haka take yi, kuma tana kai mutum Kaduna. Na share.

Da daminar bara muna aiki a wani fili da aka rushe tsohon gida, direbana ya bugo mini waya. "Alhaji, ƙafar hagu ta tsinke." Na iske injin ya karkace a bakin rami, sarƙar shimfiɗe a ƙasa kamar mataccen kumurci. Guntun rodi ne ya ƙarasa ta, amma da na leƙa bakin yankan sai na ga wayoyin ciki sun yi ja da tsatsa, ana murza su suna marmashewa. Ashe ta daɗe da mutuwa, jana'izar ce kawai ta zo a ranar.

Sai a ranar na fahimci abin da nake hawa a kai. Sarƙar roba suna ne kawai. A cikinta akwai igiyoyin ƙarfe da suka zagaye ta, su ne ke ɗaukar ja. Sannan akwai haƙarƙarin ƙarfe a jere a gicciye, waɗanda haƙoran faranti, wato wilin baya da ke juya sarƙar, ke kamawa su tura injin. Robar rufi ce. Da zarar tsaga ta yi zurfi har ruwa ya kai ga igiyoyin nan, tsatsa ta shiga, kwananta ya ƙare ko da kuwa zanen samanta na nan ɓul-ɓul. Kamfanin Bridgestone ne ya fara yin irinta a Japan a ƙarshen shekarun 1960, domin injinan girbin shinkafa masu tafiya cikin laka. Wato asalinta 'yar fadama ce, mu kuma muke tuƙa ta kan ɓaraguzan bulo da marmara.

Mai aiki na tsaye a kaina, haya tana tafiya, sai na yi abin da kowane mai gaggawa ke yi. Na leƙa kasuwar Ƙofar Ruwa ban samu ba, na kira wani dillali a Legas, na faɗa masa sunan injin da lambar da ke rubuce a jikinsa. Ya ce yana da ita. Na ce guda ɗaya nake so, mai sauƙin kuɗi. Kwana huɗu ta iso. Muka ɗora, ta hau, na yi hamdala.

Cikin mako guda ta zame sau uku. Direba na karya kwana a ƙasa mai gangare sai ta sulluɓe daga wilin gaba. Muka ƙara ɗaure ta tamau, ta sake fita. Sauri dai ya haifi nawa.

Wani dattijon makanike da ya shekara talatin yana gyaran katafila shi ya kwance mini ƙullin. Bai ma taɓa sufana ba. Ya tsuguna, ya sa yatsu biyu tsakanin rola, wato ƙaramin wilin da ke birgima a kan sarƙar, da haƙoran jagora na cikinta, ya girgiza kai.

"Alhaji, wa ya auna maka wannan?"

"Baba, sunan injin na faɗa."

"Suna ba ya ɗinka riga. Ɗauko mini tsohuwar."

Muka wanke cikin tsohuwar da ruwa da buroshi, sai ga lamba a manne cikin robar: 300x52.5x84, da harafin N. Sabuwar kuwa lambobinta duk ɗaya ne, amma harafinta W. Ya ce 300 faɗin sarƙar ne da milimita. 52.5 tazarar da ke tsakanin tsakiyar haƙarƙari ɗaya zuwa na gaba. 84 kuma adadin haƙarƙarin gaba ɗaya, idan ka ninka 52.5 sau 84 za ka samu tsawon zagayen, milimita 4,410. Harafin nan da na raina shi ne faɗin hanyar da rola da faranti ke bi tsakanin haƙoran jagora: N matsattsiya, W mai faɗi. Na sa wa injina takalmin da ya yi masa yawa, shi ya sa yake tuɓewa.

Ya ƙara mini da cewa inji mai suna ɗaya kan fito zubi-zubi, kowane zubi da girman sarƙarsa, ga shi kuma injin hannu ba ka san abin da masu shi na baya suka sauya a ƙarƙashinsa ba. In lambar ta goge, ka ɗauko tef ka auna faɗi da tazara, ka yi alama da alli a haƙarƙari ɗaya ka ƙirga har ka dawo kansa. Ka ƙirga sau biyu. Kuskuren haƙarƙari biyu kacal ya isa ka samu sarƙar da ba za ta hau ba, ko wadda ba za ta ɗauru ba.

Dillalin ya karɓi kayansa bayan doguwar magana, ya zabtare abin da ya zabtare, kuɗin mota zuwa da dawowa kuma duk a wuyana. Wannan karon biyu na saya, hagu da dama, don sabuwa da tsohuwa ba sa tafiya daidai, injin sai ya riƙa jan gefe. Na kuma tambayi abin da ban san ana tambaya ba a da: igiyoyin cikinta zagaye ɗaya ne marar gaɓa, ko haɗa bakinsu aka yi? Mai haɗi daga wurin haɗin take fara buɗewa. Na biya ƙari na ɗauki marar gaɓa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne faranti. Baba ya nuna mini haƙoransa sun sirance sun yi tsini sun lanƙwashe kamar ƙugiya, alhali lafiyayyen haƙori kansa a daƙushe yake. Ya ce in na ɗora sabuwar sarƙa a kan wannan, zai riƙa ƙwaƙule haƙarƙarin daga cikin roba ɗaya bayan ɗaya. Na yi ta ƙorafin kuɗi, na dai saya. Rola guda ma ta daskare ba ta juyawa, ita ma ta tafi.

Ranar ɗorawa muka kai injin kan daɓe mai ƙarfi. Direba ya danna garmar gaba ƙasa, ya juya hannun injin gefe, ya dafa bokiti a ƙasa har ƙafar ta tashi sama. Muka cusa manyan katakai a ƙarƙashi, don ba a amince wa haidurolik da ran mutum. A jikin firam akwai ɗan murfi, a bayansa bawul ɗin giris yake. Giris ɗin nan shi ke tura wilin gaba ya ɗaure sarƙa, kuma a matse yake ƙwarai. Yarona ya kai fuska zai leƙa, Baba ya daka masa tsawa: "Kai yaro, kauce! Ido ɗaya kake so ka koma gida da shi?" A hankali ake sassauta shi, kada ya wuce juyi ɗaya, fuska a gefe. Giris ya fito kamar tsutsa, wilin ya ja baya, sarƙa ta saki. Aka zura bututun ƙarfe tsakaninta da wilin, direba ya juya ta sannu-sannu, ta zame.

Sabuwar ta fi kilo 100, mu huɗu muka ja ta. Kan faranti ake fara ɗora ta, a bi da ita ta kan rolar sama, sannan a banƙara ta kan wilin gaba ana juyawa kaɗan-kaɗan. Nan ne yatsu ke tafiya. Doka ɗaya muka kafa: mutum ɗaya ne ke ba direba umarni, kuma ba ya taɓa liba sai ya ga hannun kowa. Ƙafar farko ta ci mana awa biyu, ta biyu ko minti arba'in ba ta kai ba.

Ɗauri kuma ba na ƙarfi ba ne, na awo ne. Ana ɗura giris ƙafar tana sama, ana duba ratar da ke tsakanin rolar tsakiya da cikin sarƙar. A injina milimita 10 zuwa 15 ne, kamar kaurin ɗan yatsa. In ta yi sako-sako ta fita, in ta yi tamau ta ci rola da wili ta wahalar da motar tafiya, wato na'urar da ke juya farantin. Wancan ɗaurin da muka yi ta yi wa mai harafin W, ina zargin shi ya ƙarasa rolar nan. Bayan kwana biyu na aiki muka sake dubawa, ta ɗan saki, muka ƙara giris.

Da direba kuma sai da muka zauna. Ya daina juyi a tsaye wuri ɗaya kan tsakuwa, gara ya yi gaba ya yi baya. Ba ya hawa bakin kwalbati a karkace. Kafin a shiga fili yaro ya tsince rodi da fasassun tayil. In gas ko baƙin mai ya zuba a robar a goge nan take, laka kuma a wanke ta kafin ta bushe ta zama dutse tsakanin roloni. Ranar Kano ma maƙiyiya ce, in babu aiki injin a inuwa yake kwana. Yana bin wasu, wasu sai na tsaya a kansa.

Tsohuwar ta dama tana nan a shago an rufe ta da tamfol, ko za ta fitar da mu wata rana. Lambar kuwa na sa an rubuta ta da jan fenti a bayan kujerar direba, harafin N ɗin ya fi sauran girma.