Kifin da Na Mayar Cikin Rami

Yau kwanana tara da dawowa Yauri, amma har yanzu idan na rufe ido jar tutar nan nake gani tana miƙewa a kan farar ƙanƙara. Ni jikan masunta ne. A gungu aka haifi kakana, kafin ruwan Kainji ya ci garinsu a 1968, kuma tun ina ɗan shekara bakwai nake bin kawuna duba mamari da asuba. Aikin koyarwa ya raba ni da jirgi, bai raba ni da son su ba. Shi ya sa da ƙanena da ke aiki a Saskatoon, can Kanada, ya ce in zo in ga 'ya'yansa, na kafa masa sharaɗi ɗaya: a kai ni inda ake kama kifi. Ya yi dariya a waya ya ce, "Yaya, a Fabrairu fa za ka zo. Ruwan duk ya zama dutse." Na ce ko dutsen ne a kai ni.

Tafiyar sama ba abin faɗa a cikinta sai tsawo. Abin da ya tsaya mini a rai wata jami'a ce a filin jirgin da muka fara sauka. Na faɗa musu da bakina cewa ina ɗauke da kilishin da uwargida ta sa aka yi wa yara. Dokarsu ta hana shiga da nama, wannan ban yi musu ba, ƙasarsu ce. Amma ta ɗaga ƙunshin da yatsu biyu kamar ta tsinci mushe, ta jefa shi kwandon shara a gabana, tana ɗaga mini murya kalma ɗaya-ɗaya sai ka ce da kurma take magana. Na girme ta nesa ba kusa ba. A wajenmu ko za a hana ka abu, ana haɗa maka da "yi haƙuri, Baba".

Sanyin garin kuwa, duk abin da aka ba ni labari bai kai rabinsa ba. Da na fito ƙofa na ja numfashi sai na ji gashin hancina ya daskare. Hunturunmu da muke hura wuta dominsa, a can da riga ɗaya za su fita cikinsa. Washegari ƙanena ya kai ni sayen takalmi. Sabo ya haura dala ɗari biyu, ga dalarsu tana kai-kawo a wajen naira dubu. Na lissafa a zuci na ce mu fita. Sai matarsa ta kai mu kantin gwanjo, tsaf-tsaf, komai a rataye da kuɗinsa a jiki, na samu takalmi mai ɗumi da wando mai auduga duka dala sittin. Na so in taya, ƙanena ya taɓa ni ya ce ba a yi. Wannan ya dame ni a duk zamana: ciniki babu "nawa ne gaskiya", babu "albarka", babu gyara. Ka ɗauka, ka biya, a wurin biyan ma a ɗora maka haraji a kan kuɗin da ka gani a rubuce.

Wanda ya kai mu su maƙwabcin ƙanena ne, dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya, tsohon manomin alkama wanda kakanninsa suka zo daga Yukren. Yaran gida Kaka suke ce masa, ni kuma na riƙa ce masa Baba har ya saba. Shi ya zaɓi ranar, don a tsakiyar Fabrairu lardin Saskatchewan yakan ware kwana uku da kowa zai yi fatsa ba tare da yankar lasisi ba, ɗan gari da baƙo. Mai, abinci, kayan aiki, duk shi ya ɗauka. Da na ciro kuɗi a gidan mai sai ya ɓata rai, ya ce baƙon maƙwabcinsa baƙonsa ne.

Mun bar gari bayan sallar asuba muka yi kudu, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi cikin fili fetal, fari fat, ba dutse ba kurmi, sai rumbunan hatsi na ƙarfe can da nisa. Baba ya bi da mu ta kan madatsar Gardiner don in gani. Da ƙasa aka gina ta, tsawonta kilomita 5, tsayinta mita 64, aka gama a 1967, shekara ɗaya kafin tamu. Ita ta tare kogin Saskatchewan ta Kudu ta haifar da tafkin Diefenbaker, mai sunan wani tsohon firaministansu, siriri kamar maciji, tsawon kilomita 225. Na ce masa mu ma ruwa ya ci mana tsohuwar Bussa da gungunan kakannina. Ya yi shiru, sannan ya ba ni labarin wani ƙaton dutse da mutanen Cree, 'yan asalin ƙasar, suke girmamawa kusa da ƙauyen Elbow. Sun nemi a ɗauke shi kafin ruwa ya taso, sai aka fasa shi da nakiya a 1966. Ban zaci zan ji irin zafin gida a wannan nisan duniya ba.

Kusa da Elbow ne ya karya kan mota ya gangara bakin tafki, ya ce mu kwance bel mu sauke gilashi kaɗan. Kafin in tambayi dalili muna kan ruwa. Mota mai ɗaukar kaya, da mutum uku a ciki, a kan ruwa! Duk addu'ar shiga jirgi da kawuna ya koya mini na karanta. Baba ya ce santimita 10 na ƙanƙara mai kyau tana ɗaukar mutum, 30 tana ɗaukar ƙaramar mota, ta ranar kuma ta kusa 70. Amma ya ce tafkin madatsa ba a sakin jiki da shi, don ana jan ruwansa duk hunturu ana ba da lantarki, ƙanƙarar sai ta zauna ta tsattsage a gefe, inda ruwa ke gudu a ƙasa kuma ba ta kauri. Ya nuna mini wani dogon tudu inda faifai biyu na ƙanƙara suka yi karo, ya zagaye shi da nisa. Ni dai ina ta tunanin ƙanƙarar da muke layin saye da azumi, ɗan dunƙule a leda, ga ta nan iya ganin ido ba mai ita.

Bukkarsa ta katako tana cikin wani lungu mara zurfi, da murhu a ciki. Ya tayar da injin huda, wani dogon ƙarfe mai murɗe, cikin ƙasa da minti ɗaya ruwa ya ɓulɓulo. Aikina shi ne kwashe dusar da ke bakin ramin da babban cokali mai huji-huji, irin wanda ake tsame ƙosai da shi. Rami shida muka yi, don doka igiya biyu ta yarje wa kowane mutum, kuma ba ka nisa da igiyarka fiye da mita 25. A kan kowane rami aka gicciya ɗan katako mai ƙoshiyar zare da ke nutse cikin ruwa don kada ta daskare, a samansa ƙarfe mai lanƙwasa da jar tuta a baki. Kifi na jan zaren, tuta ta miƙe. Ƙugiyar mai baki uku ce, an ɗaura ta da waya, abincinta mataccen kifi daskararre da aka saya a kanti, don lardin ya hana sa ɗan kifi mai rai. Na ce masa a kogin Neja babban kifi ba ya kula mushe haka. Ya ce wannan da hunturu malalaci ne, abin da ya faɗo masa yake so.

Kifin da muke nema faik ne, amma kowa a can jak yake ce masa. Na fari ya zo wa ƙanena. Dogo ne, kore da ɗigo-ɗigon fari, bakinsa shimfiɗe kamar na agwagwa, jikinsa yauƙi kamar tarwaɗa, haƙora kuwa sai tsage, sai dai nasa sun cika baki har ganɗa kuma duk ciki suke kallo. Nan na gane amfanin wayar. Kafin azahar ni ma na ciro nawa, Baba ya shimfiɗa shi a kan ma'auni, santimita 81. Ya ce doka ta ba mutum biyar, amma guda ɗaya tak ya halatta ya wuce santimita 75. Ya tambaye ni ko zan riƙe. Na ce yo me na zo yi? Ya buga masa sanda a kai ya jefa a kan ƙanƙara, bai ce komai ba.

Azahar a cikin bukkar na yi ta. Baba ya ɗuma mini ruwa a kan murhu, ya kwashe bokitai ya ba ni wuri, ya fita ya tsaya cikin sanyi har na idar, duk da na ce ya zauna. Alƙiblar can arewa maso gabas take, sai da na duba waya sau biyu. Ina sujada na ji wani rugugi a ƙarƙashina kamar an buga tambari, ƙanƙarar ce ke miƙa. Na yi salla a jirgi, na yi a gungu, amma goshina a kan ruwan da ya sandare, wannan ban taɓa kawo shi a raina ba.

Bayan la'asar, rana ta yi ƙasa, tutata ta nesa ta tashi. Da na isa ƙoshiyar na juyawa kamar mazari. Na cire safar hannu na kama zaren, na bari ya tsaya, sannan na fizga. Abin da na ji a hannuna rabona da shi tun ranar da muka yi dambe da giwan ruwa ni da kawuna. Sau huɗu ina kawo shi bakin rami yana komawa, zaren na yanka mini yatsa, ban ma ji ba. Da kan ya shigo sai ya cike ramin. Baba ya durƙusa ya sa hannu ƙarƙashin haɓarsa ya zaro shi, ya yi ta fitowa kamar ba zai ƙare ba. Santimita 103.

Ina kabbara, Baba ya ce, "Yi sauri a ɗauki hoto, za ta koma." Na ce ta koma ina? Ya ce ai na riga na riƙe babba ɗaya. Na ce to a lissafa wa ƙanena, shi nasa duk ƙanana ne. Ya girgiza kai ya ce igiyata ce ta kama. Ya nuna mini cikinta ya ce mace ce, duk manyan irin wannan mata ne, ta haura shekara goma, cike take da ƙwai, da ƙanƙara ta narke za ta shiga ciyayin bakin ruwa ta zuba. Ya ce ko doka ta yarda shi ba ya kashe irinta, kuma idan muka tsaya gardama idanunta da huhun kuncinta za su daskare. Raina ya ɓaci ƙwarai. A gidanmu abin da Allah ya kawo wa ƙugiya rabo ne, mayar da shi kamar raina kyauta ne. Ƙanena ya ce a hankali, "Yaya, sake ta." Na riƙe ta ta wutsiya na zura kanta cikin ramin. Ta yi shiru a hannuna, sannan ta kaɗa sau ɗaya ta watsa mini ruwa, ta tafi.

Na daɗe a durƙushe. Abin da ya zo mini shi ne Matan Fada a Argungu, inda ake hana kowa jefa homa sai ranar biki, da tafkunan da sarkin ruwa kan rufe har sai ya ba da izini. Ashe mun san wannan tun kafin a rubuta wa kowa doka. Na tuna kuma tarun da ake ja yanzu a bakin Kainji, mai ido kamar gidan sauro, yana kwaso 'ya'yan karfasa da ba su kai yatsa ba. An hana, ana yi. Kawuna kan ce giwan ruwan da suke kamawa da ƙuruciya sai mutum biyu ke ɗauka, ni kuma rabon da in ga irinsa a kasuwar Yauri na manta. Ba na zargin mai jan tarun kai tsaye, yunwa ce a gidansa, Baba kuwa firjinsa cike yake. Duk da haka abin ya ƙone ni.

Muna haɗa kaya sai ga jami'in kula da namun daji a kan babur ɗin ƙanƙara. Ya yi sallama irin tasu, ya ƙirga kifinmu, ya auna nawa da kansa, ya tambaye ni daga ina, ya ce in rufe yatsan da ya yanke. Bai nemi ko sisi ba, kuma Baba bai yi yunƙurin ba shi kifi ba.

Jak yana da wata ƙaya mai baki biyu jere a cikin tsoka, Baba ya zare ta da siririyar wuƙa a tsiri ɗaya. Su soyawa suke da gari, ko su jiƙa a ruwan tsami har ƙayar ta narke. Matar ƙanena ta yi farfesu da daddawa da attaruhu muka kai masa, ya sha yana share hawaye ya nemi ƙari. Naman fari ne, bai kai tarwaɗa maiƙo ba.

Sauran kwanakin na yi su da yara, da Juma'a ɗaya a masallacin gari. Na dawo ta Abuja, mota ta kawo ni gida cikin ƙurar hunturu. Baba ya ba ni katako ɗaya mai tuta da ƙugiyarsa. Na kai wa kawuna, na nuna masa hoton bidiyon, ya kalla sau uku, ya ce a tsayar masa daidai inda na sake ta. Katakon ya mayar mini, ya ce ba ramin da zai ɗora shi. Wayar da ƙugiyar ya kwance ya sa a aljihu, ya ce gobe da asuba zai gwada wa tsage.