Su Wa Marubucin Ya Tambaya?

Ranar Asabar na leƙa gidan yayata a Tudun Wada, na tarar da ɗanta a kan tabarma, kwamfuta a cinya. Wai babi na biyu na kundin digirinsa yake haɗawa, bitar ayyukan da suka gabata. Na tsaya a kansa ina kallo. Sai ya buɗe maƙala, ya kwafe tsakuren da ke samanta, ya zuba wa ChatGPT ya juya masa kalmomin, ya rufe, ya buɗe wata. Na ce, "Kai, ka leƙa cikinta kuwa?" Ko ɗaga kai bai yi ba. "Kawu, ai duk abin da ke ciki yana cikin tsakuren."

Na buɗe baki zan yi faɗa, kunya ta rufe mini shi. Abin da na yi ke nan a zamanina, da biro kawai na yi nawa.

Kundina a kan durƙushewar masaƙun Kakuri da ke Kaduna ne, daga masaƙar Kaduna Textiles (KTL) da aka buɗe a 1957 har zuwa rufe masaƙar United Nigerian Textiles (UNTL) a 2007. Na tara maƙalu kusan 20, ban karanta ko ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Tsakure da kammalawa, shi ke nan, sai "wane ya ce, haka kuma wane ya ce". Ranar kare kundi wani dattijon malami ya sauke tabarau ya ce, "Wannan na shafi na 14, da ya ɗora laifin duka a kan fasa-ƙwaurin atamfar Sin, su wa ya yi hira da su? Manajoji ko masu tsayuwa a kan inji?" Shiru. Ya ce, "Na ƙasansa kuma cewa yake rashin wuta da tsadar baƙin mai ne suka fara karya masaƙun. Gardama suke yi, kai ka haɗa su da 'haka kuma'. Wanne ka yarda da shi?" Gumi har cikin takalmi. Aka ce in sake babin.

Ba wai ina wanke kaina ba, amma a lokacin awa-awa ake biya a kafen intanet, hoton kwafin shafi 30 kuɗin abincin rana ne, kwas ɗin koyon rubutu kuwa mun fi ƙarfin aji, handawut muka haddace. Ga yajin aikin malaman jami'a na 2013. Kodayake, tsakani da Allah, yajin nan sama da wata 5 ya ba ni, kallon ƙwallo na yi da su. Abin da ya fi ci mini rai, mahaifina, Allah ya jiƙansa, a ɗaya daga cikin masaƙun nan ya ƙare ƙuruciyarsa. Tare muke cin tuwo, ban taɓa tambayarsa komai ba.

Na yi niyyar jero muku shawarwari goma, amma wa zai karanta? Ku da bidiyon minti biyu ma sai kun tsallake rabinsa.

Ka fara da sashen hanyoyin bincike. Su wa aka tambaya, mutum nawa, a wane gari, a wace shekara? Binciken da aka yi a Legas ba dole ya dace da Kawo ba. Ka duba ko abin da tsakuren ke iƙirari yana cikin teburan alƙaluman, domin tsakure tallan haja ne. Ka karanta komai. A'a, ba za ka iya ba, ka zaɓi uku ka tatse su, ka rubuta a gefe inda ba ka gamsu ba. Kada farfesa ya ba ka tsoro. Amma kuma kada ka karanta shafi biyu ka fara ƙaryata wanda ya shekara a Gidan Arewa, cibiyar adana tarihi ta Kaduna, yana tonon tsofaffin takardu, wannan rashin kunya ce.

Duk na faɗa wa yaron. Ya saurara da ladabi, ya ce, "To Kawu," ya juya ga kwamfutarsa. Ina kallo ya rubuta wa ChatGPT: su wa marubucin nan ya tambaya?