Shekara biyu da tankin gas a bayan gidanmu a Jos

Shanu huɗu muke da su a Naraguta, da ɗan lambu a bakin wani tsohon kududdufin kuza. A da, kashin shanun tara shi muke yi a kusurwar garke, in damina ta sauka ruwa ya kwashe rabinsa. Ga itace kullum ƙara tsada yake, gawayi kuwa kowa ya san daji ake sarewa a ƙona kafin ya iso gari. Amma abin da ya fi damuna shi ne tarin uwargida, da jan idon da take fitowa da shi daga madafa kowace yamma.

Shi ya sa na yanke shawarar yin tankin da kashin shanu zai ruɓe a ciki, ya fitar da gas na girki da ruwan taki. Na samo magini muka haƙa rami, ya gina tankin da bulo da siminti, samansa kamar ƙwarya a kife. Kullum da safe bokiti ɗaya na ɗanyen kashi, bokiti ɗaya na ruwa, a kwaɓa a zuba. Iskar da ta fara fitowa ƙin kamawa ta yi. Sai a mako na huɗu muka ga shuɗiyar wuta, babu hayaƙi ko kaɗan.

Da Disamba ta shigo, wutar ta ja baya. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da kashin sun fi aiki a ɗumin da ya kai kusan digiri 35, mu kuwa muna kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ga hunturun Jos da ba ya buƙatar bayani. Na lulluɓe saman tankin da ciyawa, na koma kwaɓa kashin da ruwan da ya wuni a rana cikin baƙar jarka. Ta ɗan farfaɗo.

Karan masara ne ya ba ni wahala. Na kwashe na gona kaf, na sassara na zuba don in ƙara gas. Sai ya taso sama ya dunƙule ya toshe hanya, muka yi kwana biyu muna yashewa. Gonar kuma na bar ta tsirara, ruwan farko na Afrilu ya zo ya wanke mata fuska. Karan nan abincin ƙasa ne da rigarta, kuma shanu ma suna da rabo a ciki. Yanzu ganyen kabeji da ragowar kayan gwari da ake zubarwa a kasuwar Farin Gada nake ƙarawa, shi ma kaɗan-kaɗan, don in ya yi yawa cikin tankin tsami yake yi, gas ya tsaya.

Akwai kuma warin ruɓaɓɓen ƙwai da muka daɗe muna ji a bayan gida, na ɗauka haka abin yake. Ƙanena ne ya ce, "Yaya, yoyo ke nan." Ya ce fiye da rabin gas ɗin iskar metan ce, wato wadda ke kamawa da wuta, kuma in ta tsere ba a ƙona ta ba, ta ninka hayaƙin kabon kusan sau 28 wajen riƙe zafi a sararin sama cikin shekara ɗari. Maganar ta tsaya mini a rai, don ina ta gaya wa mutane ina ceton itatuwa, ashe watanni ina sakin abin da ya fi hayaƙin muni. Muka shafa ruwan sabulu a mahaɗan bututu, wuri uku suka yi kumfa. Haka ma in gas ya cika tanki ba a dafa komai ba, ta bakin fitar taki yake kuɓucewa, don haka yanzu kunnawa muke yi mu ɗora ruwan wanka.

Ruwan takin da ke fita kuwa, ramin da na yi masa ƙarami ne. A Agusta ya tumbatsa ya gangara kududdufin da mu da maƙwabta muke ban-ruwa da shi da rani. Ruwan ya koma kore, gansakuka ta rufe shi. Dattijon da lambunsa ke ƙasan namu ya tako har gida. "Ɗana, ruwan nan ba naka ba ne kai kaɗai," in ji shi. Na ce, "Gaskiya ne, Baba, a yi haƙuri." A makon na haƙa rami biyu nesa da gangare, na daɓe su, na yi musu rumfa, don in rana ta buga takin ƙarfinsa tashi yake yi a iska. Da busasshen ganye nake gauraya shi kafin ya je gona.

Bana buhu ɗaya na takin zamani na saya maimakon uku, dankalin turawa kuma bai gaza ba. Itace sai ranar suna ko biki. Kowace Asabar da safe ina zagaya bututun da kofin ruwan sabulu, in gama kuma in cika wa jikan Baba jarka biyu na ruwan taki ya kai wa kabejinsu.