Zana tayil ɗin Penrose a manhajar zane ta Inkscape: inda aiki ke ɓaci

Tayil ɗin da masanin lissafi Roger Penrose ya fito da shi a shekarun 1970 na cika fili ba tare da zanen ya taɓa maimaita kansa ba. Nau'in da aka fi zanawa guda biyu ne kacal, kowane mai gefe huɗu masu tsawo ɗaya: mai kauri, kusurwowinsa digiri 72 da 108, da siriri mai digiri 36 da 144.

Mai koyo yakan zana su ya hau jerawa ɗaya bayan ɗaya. A nan ake shan wahala. Guda biyun nan, in ba a sa musu alamar haɗi a gefuna ba, za su jeru su maimaita kamar tayil ɗin falo. Ko da alamar ma, ana iya bin ƙa'ida daidai a kowane gefe, a yi nisa, sannan a tarar da gurbin da babu wanda zai shige shi.

Hanyar da ba ta cin amana ita ce rarrabawa daga babba zuwa ƙarami. Kowane tayil rabi biyu ne na alwatika. A fara da alwatika goma masu kusurwa 36, 72, 72, wato rabin siriri, a jera su kewaye da ɗigo ɗaya, kowane na biyu a kife shi kamar a madubi. Siriri yana rabuwa ya ba da siriri ɗaya da mai kauri ɗaya, mai kauri kuwa ya ba da masu kauri biyu da siriri ɗaya. Wurin yanka shi ne tsawon gefe a raba da 1.618. Adadin alwatikan yana hawa da sauri a kowane zagaye na rarrabawa: 10, 20, 50, 130, 340, 890. Zagaye biyar ya wadatar da allon bango, fiye da haka sai kwamfuta ta fara nishi. Abin da ke ɓata aiki shi ne mance cewa kowane alwatika akwai na dama da na hagu. Aka yanka ɗaya ta gefen da ba shi ba, sai zagaye na gaba layuka su ƙi haɗuwa.

Saitin Inkscape kansa na buƙatar gyara tun farko. Juyi yana tsayawa ne a kowane digiri 15, a mayar da shi 18 ko 36. A sa manhajar ta riƙa auna fasali ba tare da kaurin layinsa ba, in ba haka ba rage girma zuwa kashi 61.8 cikin ɗari (wato raba shi da 1.618) zai kauce. A kunna mannewa a kan ɗigon kusurwa, kada a dogara da ido. A yi kwafi da Alt+D, domin sauya launin uwar ya sauya duka. Kayan jera kwafi da ke cikin manhajar kuwa ba su da amfani a nan, don an gina su ne kan tsari 17 masu maimaitawa.

Farin zaren da ke leƙowa tsakanin tayil a hoton PNG yawanci ba kuskuren awo ba ne, daga yadda ake sulɓanta gefuna yake. Siririn layi mai launin tayil ɗin yana rufe shi.